Mai Riƙe da Lissafi

A da, in mutum yana son ya kama wani hali, mutum yake nema. Mai son tashin asuba ya roƙi maƙwabcinsa ya riƙa buga masa ƙofa in zai wuce masallaci. Wanda ya ga karatu na neman kuɓuce masa ya je zauren malam ya ɗauki littafi, ya san kuma duk ranar da bai zo ba sai an lura da gurbinsa a kan tabarma. Yau kuwa saurayi ko budurwa in suka ga rana tana fitowa tana faɗuwa ba su tsinana komai ba, waya suke ɗauka su sauke manhaja. Ita za ta ba su maki in sun cika alkawarin da suka ɗaukar wa kansu, ta rage musu in sun saɓa, ta ƙirga musu kwanakin da suka jera, ta aiko musu da tuni da daddare. Wannan sauyi bai kai shekara 15 ba, amma ya shigo mana har ɗaka, kuma ya wuce a yi masa kallon wasan yara.

Cutar da ake nema wa magani tsohuwa ce, kowa ya san muryarta: bari in ɗan huta, sai an jima, in Allah ya kai mu gobe. Mun saba ɗora ta a kan lalaci, mu ce wane son jiki ya yi masa yawa. Amma duk wanda ya zauna da mai jan ƙafa ya san zancen bai tsaya nan ba. Ɗalibar da ta kasa buɗe babi na biyu na kundin digirinta, ita za ka tarar ta share gida, ta wanke tukwane, ta goge kayan ƙannenta, duk a safiya guda. Aiki ba ya ba ta tsoro, wannan aikin ne take gudu. Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada ya tattara ɗaruruwan bincike a kan wannan hali, ya fitar da sakamakon a 2007. Ya nuna abubuwan da suka fi jawo shi: aikin ya zama mai gundura ko mai ɗaci, mutum ya kasance yana shakkar ko zai iya, ladan aikin kuma ya yi nisa. A 2013 Fuschia Sirois da Timothy Pychyl suka ƙara da cewa asalin jinkiri neman sauƙin zuciya ne na ɗan lokaci. Aikin yana tayar maka da fargaba ko kunya, sai ka kawar da kai ka ji sanyi yanzu, ka bar wa gobe bashin. An daɗe ana cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, amma sanin karin maganar bai taɓa hana kowa bari ba.

Abin da ya sauya shi ne siffar yini. Manomi ba ya bukatar mai tuna masa shuka. Ruwa in ya sauka ƙasa ce ke kira, wanda ya ce sai gobe kuwa zai gani a rumbunsa. Maƙeri yana da masu jiran fartanya, yaron shago yana da ubangida. Yanzu muna da dubban matasa da aikinsu ba shi da mai tsayawa a kansa: wanda ya gama bautar ƙasa yana gida yana koyon sana'a a intanet, mai shirin sake zana JAMB shi kaɗai a ɗaki, matar aure mai sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, ɗalibin da yajin aikin malaman jami'a ya zaunar a gida wata takwas a 2022. Babu mai ce musu uffan in sun wuni a kwance. Ga kuma wayar a hannu, wadda tun shigowarta ƙasar nan a 2001 take ƙara ƙwarewa wajen cin lokaci. Ta fara da kira da tes, ta koma hira, ta koma gajerun bidiyo da ba su da ƙarshe. Don haka ban ga laifin wanda ya nemi magani a cikin abin da ya ƙara masa ciwon ba, tunda shi ne kusa da hannunsa.

Dabarar masu ƙera waɗannan manhajoji ɗaya ce: tunda ladan aiki ya yi nisa, a jawo wani ƙaramin lada kusa. Digiri sai bayan shekara huɗu, amma ga maki goma yanzu-yanzu. Wadda ta fi fito da dabarar fili ita ce Habitica, da wani Ba'amurke mai rubuta manhaja, Tyler Renelle, ya fara don gyara halin kansa. Ta fito da sunan HabitRPG a 2013, aka sauya mata suna a 2015. In ka buɗe ta za a ba ka wani ɗan mutum-mutumi, shi ne kai. Ka rubuta halayen da kake so ka kama ko ka bari, da abubuwan da za ka riƙa yi kullum, da ayyukan da sau ɗaya ake yi a gama. Duk wanda ka cika ka danna, a ba ka zinare da maki, ka hau mataki, ka sayi takobi ko sulke. In yini ya ƙare ba ka cika na kullum ba, a rage wa mutumin naka lafiya daga cikin 50 ɗin da yake da ita. In ta ƙare ya mutu, ka sauko mataki ɗaya, zinarenka ya tafi. Akwai kuma shiga ƙungiya, ku haɗu ku yaƙi wani dodo, kowa aikinsa na gaske shi ne saransa, amma in ɗaya ya yi sakaci dodon duka zai maka muku. Wannan adashi ne aka sa wa rigar wasa: in ba ki yi zubi ba, ba ke kaɗai kika cutu ba, har mai ɗauka a wannan makon kin cuce ta.

Duolingo, manhajar koyon harsuna da Luis von Ahn ɗan Guatemala da Severin Hacker ɗan Suwizalan suka buɗe wa jama'a a 2012, da ƙirgen kwanaki ta yi suna. Ɗan hoton harshen wuta ne da lamba a gefensa, kwana 40, kwana 300, kwana 1,000, in ka tsallake yini ɗaya lambar ta koma sifili. Ita kuma Forest, da ta fito daga Taiwan a 2014, itace take sa ka dasa a fuskar waya. Ka saita lokaci, in ka bar wayar ta huta itacen ya girma, in ka fita zuwa wata manhaja ya bushe. Sulallan da ka tara kana iya bayar da su a dasa itatuwan gaske ta hannun ƙungiyar Trees for the Future, mai aiki a ƙasashe irin su Senegal da Kenya.

'Yar ƙanwata, wadda ta ci sunan mahaifiyarmu shi ya sa nake ce mata Uwata, a gidana ta zauna lokacin da take rubuta kundinta. Wata Asabar na same ta a tsakar gida a kan tabarma, littattafai a baje, wayarta a kan murfin kwano. A fuskar wayar akwai wani ɗan tsiro kore, ƙarƙashinsa agogo yana ƙirgawa da baya. Na miƙa hannu zan ɗauka in duba wata lamba, sai ta tare ni.

"Kawu, don Allah ka ɗan dakata, saura minti goma sha ɗaya ya girma. In aka fita daga ciki bushewa zai yi."

"Uwata, mene ne zai bushe?"

Ta nuna mini tsiron, sannan ta ce, "Ni fa Kawu ba babi nake rubutawa ba, babi tsoro yake ba ni. Minti ashirin da biyar kawai nake zama. In ya girma sai in dasa wani."

Da lokacin ya cika ta buɗe mini gonarta ta mako, itatuwa kore a jere, da wasu 'yan busassu a tsakani. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya ta ce wannan ranar ce ƙawarta ta kira ta a kan ankon biki. Minti 25 ɗin nan ba ita ta ƙago shi ba, tsari ne da wani Ba'italiye, Francesco Cirillo, ya fito da shi yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980, da ɗan agogon kicin mai siffar tumatir. Amma abin da ya yi mata na gan shi da idona. Ya rage girman abin da take tsoro har ya zama wanda za a iya ɗauka da hannu ɗaya. Wannan amfani ne na gaske, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba ba zai goge shi ba.

Mu a Arewa ba sai an kawo mana hujja daga jami'ar waje ba kafin mu yarda dabarar tana aiki. Waɗanda suka yi samartaka a wajajen 2011 da 2012 sun tuna 2go, manhajar hira daga Afirka ta Kudu da ke tafiya a ƙananan wayoyin Nokia. Tana ba mutum tauraro da muƙami gwargwadon daɗewarsa a kai, daga Novice har Master, samari kuwa suka riƙa barin waya a kunne su kwana don tauraron ya cika. Babu ko sisi a ciki, suna ne kawai. A 2019 aka zo da Pi, manhajar haƙo kuɗin kirifto, wato mainin, wadda sharaɗinta ka danna maɓalli sau ɗaya duk awa 24, wasu suka yi shekaru suna dannawa kafin a buɗe kasuwarta a Fabrairun 2025. Sai 2024, bayan Notcoin ta fashe a watan Mayu wasu suka samu kuɗi na gaske, wata irinta mai suna Hamster Kombat ta mamaye ko'ina. A majalisa, a tashar mota, a shagon mai caji, sai ka ga yatsu suna ta dukan gilashi, kowa yana mainin. Akwai kyautar kullum da ke ƙaruwa in ka jera kwanaki, ta koma farko in ka tsallake. Akwai haɗin katuna uku na kowace rana da ake rabawa a guruf-guruf, wanda ya riga samu ya taimaki na baya. Da ranar 26 ga Satumba ta zo aka raba abin da aka raba, da yawa 'yan daloli ƙalilan suka tashi da su bayan wata da watanni.

Ban kawo wannan don in yi wa kowa gori ba. Babu ce ta sa, da fatan samun mafita, kuma wanda bai taɓa rasa kuɗin cefane ba bai kamata ya buɗe baki ba. Na kawo shi ne don ya rushe zancen da ake yi cewa matasanmu ba su da juriya. Yaron da aka ce ba ya riƙe abu kwana uku, ga shi ya riƙe wannan wata da watanni bai yi fashi ba. Juriyar tana nan. Abin tambaya shi ne wa ya tsara lissafin, me ake ƙirgawa, kuma aljihun wa amfanin yake shiga.

Shi kansa raba doguwar tafiya zango-zango da sa alama a kowane zango ba baƙonmu ba ne. Ba karatun Alƙur'ani nake haɗawa da wasa ba, Allah ya tsare. Tsarin koyarwar nake nufi, wanda malamanmu suka gada kaka da kakanni. Yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, sannan ya soma haɗa baƙi. Ba a ce masa ga izu 60 nan a gabanka. Abin da ke kan allonsa na yau shi ne aikinsa. In ya biya wa malam ya iya, a ce ya je ya wanke, a yi masa ƙari. Wankin allon nan shi ne lada na kusa, kuma duk wanda ya taɓa tsugunawa yana wanke tawada, abokansa da ba a ba izini ba suna kallonsa, ya san daɗinsa. Kowane izu ya kasu sumuni takwas, sumuni 480 ke nan gaba ɗaya, kowanne zango ne da ido ke iya gani. In yaro ya kai wasu surori a yi sadaka a gida a kai makaranta. A tsangaya akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, har a kai alaramma da gwani. Ranar sauka a yi wa allo zayyana, a tara dangi.

Sai dai makarantar allo tana da Alhamis da Juma'a. Hutu a cikin ginin tsarin yake, wanda ya huta bai saɓa wa kowa ba, kuma babu yaron da aka mayar babbaƙu don zazzaɓi ya kwantar da shi. Ƙirgen kwanaki kuwa a kan cewa yini ɗaya yana rushe ɗari aka gina shi, kuma bincike bai goyi bayan haka ba. Phillippa Lally da abokan aikinta a jami'ar University College da ke Landan sun bi mutum 96 tsawon mako 12, kowa ya zaɓi ƙaramin hali ɗaya, kamar cin 'ya'yan itace tare da abincin rana ko gudun minti 15 kafin na dare. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna tsaka-tsakin lokacin da hali ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wani 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne fashin yini ɗaya bai rage wani abin a zo a gani ba wajen samuwar halin.

To me ya sa lambar take komawa sifili? Domin zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar ɗan Adam, kuma kamfanin da ke rayuwa da yawan masu buɗe manhajarsa kullum ya san haka. Duolingo ta shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a 2021, adadin masu shiga kullum kuwa yana cikin alƙaluman farko da take nuna wa masu zuba jari. Gaskiya ne an sa rangwame. A Duolingo akwai abin da ke tsare maka ƙirgen in ka yi fashi, a Habitica ma kana iya dakatar da hukunci in za ka yi tafiya. Amma yawanci rangwame ne da sai ka tanada tun kafin abin ya faru, alhali abubuwan da ke raba mutum da aikinsa ba sa sallama.

Na ga haka a daren da aka yi mana rasuwa a dangi. An dawo daga maƙabarta, an wuni ana karɓar gaisuwa, an ɗauke wuta tun la'asar. Wajen sha ɗaya da rabi muna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, sai ɗan yayana ya matso kusa da ni. Saurayi ne mai hankali, tun safe yake kan ƙafafunsa yana ɗebo ruwa yana jera kujeru. Ya yi ƙasa da murya.

"Baffa, don Allah ara mini fawa bank ɗinka na minti biyar."

"Lafiya dai, ɗana? Wa za ka kira da daren nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba kira ba ne, Baffa. Darasina ne. In sha biyu ta buga ban shiga ba, kwanakina duk sun tafi."

Faransanci yake koyo a wata manhaja, domin yana bin mota zuwa Maraɗi, inda Hausa ta ishe shi a kasuwa amma takardun hukuma ba da ita ake rubuta su ba. Na ba shi. Ya koma gefen katanga inda ba za a gan shi ba, ya zaɓi darasin da ya wuce tun watannin baya, ya danna-danna cikin minti biyu, ya dawo ya zauna. Bai koyi kalma ko ɗaya ba a daren, kuma ya san bai koya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya tsinci kansa tsakanin kunyar mutane da tsoron na'urar da ba ta san an yi mutuwa ba. Da malami ne mai rai, da shi zai zo gaisuwa da ƙafarsa, ya ce masa ya ajiye littafi sai bayan sadakar bakwai.

Nan haɗarin yake, lambar da aka sa don ta auna karatu ta koma ita ake nema. Akwai kuma wanda ya fi wannan ɓoyuwa. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka yi gwaji da yaran wata makarantar reno a Jami'ar Stanford, yara masu son zane da kansu ba tare da an sa su ba. Aka ce wa wani rukuni in sun yi zane za a ba su takardar yabo, wani rukunin ba a yi musu alkawarin komai ba. Da aka sake baje alƙaluman zanen bayan mako ɗaya zuwa biyu, babu kyauta, waɗanda aka yi wa alkawarin kusan rabin lokacin da sauran suka ɗauka suna zane suka ɗauka. Kyautar ta kori sha'awar. Abin da na fahimta daga nan shi ne maki ya fi dacewa da aikin da zuciya ke ƙi, irin su cike takardu, bitar lissafi, ko motsa jiki ga wanda likita ya ce masa dole. Abin da mutum yake so da ma, karatun littafi ne, ko rubutu, ko ziyarar iyaye, gara a bar shi ba farashi.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da shigar wannan salo cikin ibada. Akwai manhajoji yanzu masu ƙirga salloli da shafukan tilawa, su jera maka kwanaki su ba ka lambar yabo. Ƙirge a ibada ba sabon abu ba ne, ga carbi a hannun kakanninmu, kuma hadisin da Nana A'isha ta ruwaito a kan fifikon aiki mai ɗorewa ko da kaɗan ne kowane ɗalibi ya san shi. Amma carbi ba ya ajiye tarihi, ba ya kuma ba ka hoton da za ka ɗora a sitatus. Kowa shi ya san zuciyarsa, ban isa in shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa ba. Ina dai tsoron ranar da mutum zai buɗe Mus'hafi don kada lamba ta faɗi. Ga kuma mata. Kwanakin da shari'a ta ɗauke musu salla kowane wata, da kwanakin biƙi, biyayya ce ba gazawa ba. Manhajar da za ta rubuta wa mai jego sifili ba ta san mutanen da take yi wa aiki ba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa komai na da ya fi. Mai riƙe da lissafi in mutum ne yana da tausayi, amma yana da bulala, yana da gori, yana da baki. Yara nawa dorina ta kora daga karatu har abada? Mata nawa suka ajiye wata niyya ta alheri don an ce musu "ke da ba kya gama abu"? Manhaja ba ta kai ƙararka wurin kowa, ba ta tuna maka faɗuwar bara a gaban baƙi. Magidanci mai shekara 50 da ke son ya koyi karatun boko ba tare da 'ya'yansa sun ga yana tuntuɓe ba ya samu sutura a wayarsa. Matar da ba ta fita, ba ta da abokiyar karatu, ta samu mai ce mata sannu da ƙoƙari, ko da na'ura ce. Wanda bai taɓa zama shi kaɗai da niyyarsa ba, babu mai taya shi babu mai tambaya, ba zai san nauyin wannan ba.

Cikin waɗanda na ga sun fara da manhaja, waɗanda halin ya zauna musu hanya ɗaya suka bi ba tare da sun san juna ba: sun ɗaure aikin a jikin wani lokaci da ba ya gocewa. Uwata ta lura cewa itatuwanta masu rai kusan duk na bayan sallar asuba ne, kafin gida ya tashi, sai ta mayar da rubutun can. Kafin ta kai babi na huɗu ta daina buɗe manhajar, domin zaman ya riga ya zama mata jiki. Yininmu da ma a yanke yake gida biyar, bayan asuba, kafin azahar, tsakanin magariba da lisha, kuma kiran salla ba ya cin data. Wasu kuma ta cikin wayar suka sake samun mutane. Akwai guruf-guruf na WhatsApp da ake raba izu-izu, kowa ya karanta nasa ya dawo ya rubuta "na kammala", a yi sauka duk mako ko duk wata. Akwai marubutan littattafan Hausa na intanet, mafi yawansu mata, masu sakin shafi kullum; wadda ta yi kwana biyu shiru za ta tarar an cika mata waya da "Anti, lafiya kuwa? Muna jira fa." Akwai matsi a cikin wannan, amma in ta ce yaro ne ba lafiya, amsar da za ta samu "Allah ya ba shi lafiya" ce, kuma babu mai cewa littafin ya koma shafi na ɗaya.

Muna da matasa masu rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Yamai. Fatana in sun tashi gina tamu kada su kwafo harshen wutar nan yadda yake. Su yi wadda za ta yi aiki ko babu data, a kan waya mai araha, da Hausa, har da murya don wanda bai yi boko ba. Ta tambayi mutum bayan wace salla zai yi aikinsa, ta bar masa Alhamis ko Juma'a ba sai ya roƙa ba. In ya yi mako guda shiru ta sanar da mutum ɗaya da shi ya zaɓa tun farko, yayarsa ko malaminsa. Ta ƙirga kwana nawa ya yi a wata, kada ta share na baya don an rasa ɗaya, kuma a sa wurin da zai danna bayan abin ya wuce ya ce rasuwa aka yi, ko haihuwa, ko zazzaɓi, ta karɓa ba tare da neman ko kwabo ba. Na san irin wannan ba za ta kawo kuɗi kamar waɗancan ba, tunda mai amfani da ita zai daina bukatarta bayan wata biyu ko uku, don haka sai jami'a ko ƙungiya ko wani attajiri mai son ilimi ya ɗauki nauyinta a matsayin waƙafi. Aikin ma ba daga tushe za a faro shi ba, domin rubutun Habitica a buɗe yake a GitHub, duk mai iyawa zai iya zama ya karanta yadda aka gina ta.